Kwakwar da Ta Ɓace a Takarda: Nazarin Saɓanin Alƙaluman Kwakwa da Kofra a Ƙasar Filifin

A shekarar 2010 ƙasar Filifin ta fitar da man kwakwa kimanin tan miliyan 1.3 zuwa kasuwannin duniya. Da shekara ta zagayo, abin da ta fitar a 2011 bai wuce tan dubu 820 da 'yan kai ba, wato ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. A farkon 2011 kuɗin tan guda na man ya haura dala 2,000 a Rotterdam ta ƙasar Holand, inda ake yanke farashin da 'yan kasuwar duniya ke bi, masu matsar mai kuma suna ta kukan ƙarancin kayan da za su zuba wa injinansu. Duk wanda ya ga haka zai ɗauka gonakin kwakwa sun tafka mummunar asara. Sai dai alƙaluman hukuma sun nuna an girbe kwakwa kimanin tan miliyan 15.5 a 2010, da kimanin tan miliyan 15.2 a 2011, ragin da bai kai kashi 2 cikin ɗari ba.

Idan aka mayar da man da ya ragu zuwa asalinsa, tan dubu 500 na mai yana buƙatar busasshen naman kwakwa, wato kofra, kusan tan dubu 800, shi kuma wannan yana cin ƙwallon kwakwa fiye da biliyan uku da rabi. Ragin da hukuma ta rubuta a gonaki kuwa bai kai ƙwallo miliyan 300 ba. Ƙwallaye sama da biliyan uku ke nan takardun gona suka ce an girbe, amma ba su bayyana a tashar jiragen ruwa ba. Kayan da aka kwashe daga sito a 2010 sun cike wani ɓangare na giɓin, haka ma abin da masana'antun cikin gida suka ci, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ba shi ne karo na farko ba. Bayan farin da sauyin yanayin da ake kira El Nino ya kawo a 1997 zuwa 1998, man da ƙasar ta fitar a 1999 bai kai rabin na 1998 ba, alhali alƙaluman girbi ba su nuna faɗuwa mai kama da wannan ba ko kusa.

Abin da ake aunawa

Kwakwar da ake magana a nan ita ce wadda Hausawa ke kira kwakwar Attagara, ba ta manja ba. Kofra kuwa shi ne namanta da aka ɓamɓare daga ƙoƙo aka busar, kuma shi ake matsa a fitar da mai, a bar ƙulin da ake ba dabbobi. Filifin na da gonakin kwakwa kimanin hekta miliyan 3.6 da bishiyoyi masu haihuwa kusan miliyan 340, a mafi yawan lardunan ƙasar, sannan ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da man. Fiye da rabin girbin daga tsibirin Mindanao yake fitowa.

Matsala ta farko tana cikin ƙwallon kansa. A lissafin da masana suka saba bayarwa, kimanin kashi 35 cikin ɗari na nauyin nunanniyar kwakwa ɓawo ne mai zare, kashi 12 ƙoƙo, kashi 25 ruwa, nama kuma kashi 28 kawai, shi ma kusan rabinsa danshi ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana ba da alƙalumanta da nauyin kwakwa har da ɓawo. Kamfanonin da ke yin garin kwakwa suna sayen wadda aka feɗe wa ɓawo. Masu matsar mai kofra suka sani. Manomi kuma ƙwallo yake ƙirgawa. Wanda ya taɓa cinikin gyaɗa ya san buhun mai ɓawo da buhun ɓararriya ba su zama ɗaya a sikeli, to ita kwakwa matakanta sun fi na gyaɗa yawa, kuma a kowane mataki sai an yi amfani da wani adadi na juyawa kafin lissafi ya haɗu.

Ga yadda wannan adadi yake wasa da hankalin mai lissafi. A jawaban jami'ai ana cewa ƙasar na samar da ƙwallo kimanin biliyan 15 a shekara, a jadawalin hukuma kuma ana rubuta kusan tan miliyan 15, wanda ke nufin an ɗauki kowane ƙwallo a matsayin kilo ɗaya. A harkar kuma sanannen zance ne cewa ƙwallo huɗu zuwa biyar ke ba da kilo ɗaya na kofra. Idan aka ɗauki huɗu da rabi, ƙwallo biliyan 15 za su ba da kofra tan miliyan 3.3. Amma idan aka bi ta hanyar nauyi, ƙwallo mai kilo ɗaya naman cikinsa giram 280 ne, wanda in ya bushe yadda ya kamata zai dawo giram 150 zuwa 165, ke nan tan miliyan 15 na kwakwa mai ɓawo ba zai ba da fiye da tan miliyan 2.25 zuwa 2.5 na kofra ba. Tushe ɗaya aka tashi, aka sauka a wurare biyu da tazarar kusan tan miliyan guda a tsakaninsu, kuma babu wanda ya saci ko ƙwallo ɗaya. Abin da ya faru shi ne an haɗa ƙwallo mai kilo ɗaya da yawan naman ƙwallon da ya fi shi girma nesa ba kusa ba.

Girman ƙwallo kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Doguwar bishiya ta gargajiya irin ta Laguna da San Ramon ƙwallonta ya fi na gajerun iri girma, ta bakin teku mai samun gishiri ta fi ta kan tudu nama, tsohuwar bishiya da ta haura shekara sittin kuwa sai ƙanana. Fari yana rage yawan ƙwallo, yana kuma rage kaurin naman da ke ciki, don haka a shekarar da ta biyo bayan fari ana iya buƙatar ƙwallo shida kafin a haɗa kilo ɗaya. A nan ne nake ganin babban ɓangaren amsar giɓin 1999 da 2011, shekarun da suka biyo bayan fari, yake: mai ƙirga ƙwallo ya ga ragi kaɗan, mai auna kofra ya ga ragi iri biyu, na yawa da na nama, adadin juyawa kuma yana nan a takarda bai motsa ba. Wannan saɓani har tsakanin ƙasashe yana nan, domin in aka yi lissafi da ƙwallo Indiya ce ke zuwa ta ɗaya a duniya, in kuma aka yi da tan, kamar yadda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ke yi, sai Indunusiya ta wuce gaba.

Masu ƙirga da hanyoyinsu

Hukumar kula da kwakwa ta ƙasar, PCA, an kafa ta ne a 1973, kuma ita ke da ma'aikatan gona a larduna. Ƙididdigar noma a da tana hannun wani ofishi na ma'aikatar noma, har zuwa dokar 2013 da ta haɗe ofisoshin ƙididdiga huɗu ta samar da hukuma guda, PSA. Ƙungiyar masu harkar kwakwa, UCAP, tana tattara bayanan kamfanoni da na jiragen da suka yi lodi, ta mayar da su zuwa ma'aunin kofra. A waje kuma akwai FAO, da ma'aikatar noma ta Amurka wadda ƙiyasinta na kofrar Filifin galibi yana tsakanin tan miliyan 2 da miliyan 3, da ƙungiyar ƙasashe masu noman kwakwa da aka kafa a 1969 mai hedikwata a Jakarta.

Abin lura shi ne waɗannan alƙaluma iri biyu ne daga tushe. Na tashar jiragen ruwa da na ƙofar kamfani an ɗora su a sikeli, an biya kuɗi a kansu, kwastan ta buga hatimi. Na gona kuwa ƙiyasi ne: duk wata uku ana zaɓar wasu manoma a tambaye su abin da suka girbe idan aka kwatanta da bara war haka, a auna canjin, a ɗora shi a kan adadin da ake da shi, sannan jami'an lardi da na yanki su zauna su tantance kafin a tura Manila. Irin wannan hanya tana da sauƙin kuɗi, kuma babu ƙasar da za ta iya ƙirga ƙwallo biliyan 15 ɗaya bayan ɗaya, amma tana da aibi biyu. Idan adadin tushe ya karkace, karkacewar za ta bi kowace shekara har sai an yi sabuwar ƙidayar noma, wadda kusan duk shekara goma ake yi. Sannan amsar da ake samu daga tunawar manomi, da zaman tantancewa na jami'ai, dukansu suna jan adadi zuwa kusa da na bara, domin ba kowa ke son sa hannu a kan rahoton da ya ce girbin lardinsa ya faɗi da kashi 25 ba tare da wata masifa da ido ya gani ba. Fari kuwa masifa ce da ke zuwa a makare, tunda kwakwa tana ɗaukar kusan wata goma sha biyu daga fure zuwa nuna, saboda haka lokacin da illarsa za ta bayyana a kan bishiya ruwa ya riga ya dawo, gonaki sun yi kore shar. Shi ya sa tun daga 2012 zuwa 2023 alƙaluman girbi na ƙasa ke kai-komo tsakanin tan miliyan 13.8 da miliyan 15.9, alhali fitar da mai da farashinsa suna tashi da faɗuwa da ƙarfi.

Yawan bishiyoyin ma yana da nasa raunin. Dokar 1995 ta hana sare bishiyar kwakwa sai da izinin PCA, an kuma ƙara mata tsanani a 2013, amma katakon kwakwa yana da kasuwa, kuma wanda ya sare ba da izini ba ba zai je ya kai rahoton kansa ba. Bishiyar da aka sare a ɓoye tana nan da ranta a rajista tana haihuwa. Haka kuma bishiyar da ake tatsar ruwan furenta don yin abin shan da suke kira tuba, ko sukarin kwakwa, ba ta ba da ƙwallo a lokacin, amma wuya ne a cire ta daga jerin masu haihuwa.

Daga gona zuwa sikelin kamfani

Manomi yakan girbe kwakwa kusan duk kwana 45, ya feɗe, ya fasa, ya shanya naman a rana ko ya gasa shi da hayaƙi a kan wani gado da suke kira tapahan, wanda ake hura wa wutar ɓawo a ƙarƙashi. Da yake yana sauri ya sami kuɗi, kuma galibi akwai bashin ɗan kasuwar ƙauye a wuyansa, kofrar da yake kaiwa awo ba ta gama bushewa ba. Ma'aunin ciniki shi ne kofra mai danshi kashi 6 cikin ɗari, wadda suke kira resecada, don haka mai awo yakan zaftare wani kaso na nauyi saboda danshi, abin da manoma ke kira resiko, kuma a ƙauyuka da yawa da ido da hannu ake yanke shi, ba da na'ura ba. Lissafin a fili yake: kilo 100 na kofra mai danshi kashi 20 zai dawo kilo 85 idan ya bushe zuwa kashi 6. Wanda ya tambayi manomi zai rubuta 100, wanda ya duba littafin kamfani zai rubuta 85, kuma duka biyun gaskiya suka rubuta. In aka ƙara abin da fumfuna da ƙwari da ɓeraye ke ci a sito, da abin da ke zubewa a hanya, sai tazarar ta ƙaru.

A matakin yankuna abin ya fi rikicewa, domin kofra ba ta san iyakar lardi ba. Manyan masana'antun matsar mai suna bakin tashoshin jiragen ruwa, irin su Iligan, Cagayan de Oro, Davao, General Santos, Lucena da Legazpi, masu yin garin kwakwa kuma suna San Pablo da Candelaria da kudancin Davao. Kofrar da aka noma a tsibirin Samar tana iya ƙarewa a injin da ke Mindanao, ta Basilan da Sulu tana tsallakawa Zamboanga a ƙananan jirage, kwakwar Bicol kuma motoci na kai ta Quezon. Wanda ya kwatanta girbin yanki da abin da masana'antun yankin suka matsa zai ga wani yanki yana matsar abin da ya fi nomansa, wani kuma kwakwarsa ta yi layar zana, kuma takardun jigilar cikin gida ba su kama lodin kwale-kwale da na motocin ƙauye.

Ban da wannan, ƙarfin injinan ƙasar ya fi kofrar da take samarwa, don haka a shekarun ƙaranci kamfanoni kan shigo da ita daga Indunusiya da Papua New Guinea da wasu tsibiran tekun Pasifik. Man da aka matsa daga wannan kofra yana fita ne a matsayin man Filifin. Tsakanin arewacin tsibirin Sulawesi na Indunusiya da kudancin Mindanao kuma akwai tsohuwar hanyar ciniki ta tsibiran Sangihe da Talaud, wadda ta girmi iyakokin ƙasashen biyu, kuma kofra ta daɗe tana bin ta ba tare da takarda ba; a shekarun 1950 ma fasa-ƙwaurin kofra daga Sulawesi yana cikin abin da ya riƙe tawayen Permesta da aka shelanta wa gwamnatin Indunusiya a 1957. Duk da haka ban ga dalilin ɗora wa fasa-ƙwauri giɓin biliyoyin ƙwallaye ba, domin kofra kaya ce mai nauyi da arha, kuma tan dubu ɗari-ɗari ba ya ɓuya a cikin kwale-kwale.

Akwai kuma abin da mai karanta dogon jadawali kan manta, wato su kansu yankunan sun sha canja kama. A 2001 an sake fasalin yankunan Mindanao, inda aka cire Cotabato ta Kudu da Sarangani da General Santos daga yankin Davao, aka mayar da Lanao del Norte yankin Mindanao ta Arewa. A 2002 an raba yankin kudancin Tagalog gida biyu. An ƙirƙiri yankin tsibirin Negros a 2015, aka soke shi a 2017, aka dawo da shi a 2024. Yankin Musulmi mai cin gashin kansa ya zama Bangsamoro a 2019 da sababbin iyakoki, sannan a 2024 Kotun Ƙoli ta cire Sulu daga cikinsa. Idan ba a sake lissafa shekarun baya a kan sababbin iyakoki ba, sai a ga girbin wani yanki ya faɗi warwas a shekara guda, na maƙwabcinsa ya yi tsalle, alhali bishiyoyin suna nan inda suke.

Gwajin guguwar Yolanda

Ranar 8 ga Nuwamba 2013 mahaukaciyar guguwar Haiyan, wadda mutanen ƙasar ke kira Yolanda, ta afka wa tsibiran Samar da Leyte. PCA ta ce bishiyoyin kwakwa kimanin miliyan 33 ne suka sami lahani a yankin Visayas ta Gabas, fiye da miliyan 13 daga ciki sun karye ko sun tumɓuke gaba ɗaya, a faɗin ƙasar kuma an ambaci miliyan 44. A wannan karon alƙaluman girbi sun motsa sosai, domin na yankin ya sauko daga kimanin tan miliyan 1.8 a 2012 zuwa kimanin miliyan 1.2 a 2014, na ƙasa kuma daga tan miliyan 15.35 a 2013 zuwa 14.7 a 2014. Wannan ya nuna tsarin yana iya kama ɓarnar da ido ya gani, ya kuma ƙarfafa zargin cewa ɓarnar da ba ta da hoto, irin ta fari da tsufan bishiya da ƙanƙancewar nama, ita ce ke zille masa.

Amma ko a nan sai an yi hattara. An ƙirga ɓarna da bishiya, an kasa ta gida-gida daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, a cikin gaggawa da nufin neman agaji, girbi kuwa da tan aka auna shi. Bishiyar da ta rasa ganye da furanni tana tsaye, tana cikin rajista, amma sai ta yi shekara biyu ko uku kafin ta dawo haihuwa yadda ta saba, sabuwar doguwar bishiya kuma tana cin shekara shida ko fiye kafin ta fara. Bayan guguwa mutane kan tsince ƙwallayen da iska ta zubar su mayar da su kofra, sai kamfanoni su ga kaya sun ƙaru na ɗan lokaci a daidai sa'ad da gonaki suka lalace. Kuma Yolanda ta zo ne kusan shekara guda bayan guguwar Pablo ta Disamba 2012 ta kayar da miliyoyin bishiyoyi a Davao ta Gabas, sannan a 2014 ƙwaron da suke kira cocolisap ya addabi Batangas da maƙwabtanta har Shugaba Benigno Aquino ya ba da umarnin gaggawa a kansa. Masifu uku a yankuna uku, kowacce da nata jinkirin bayyana, sun haɗu a adadi guda na ƙasa, wanda ba ya nuna wa mai karatu wace ce ta ci nawa.

Harajin kofra da gadon rashin yarda

Ba za a fahimci halin manomi da ɗan kasuwa game da ba da adadi ba sai an waiwayi tarihi. Daga 1971, musamman bayan dokar da Shugaba Ferdinand Marcos ya kafa a 1973, an ɗora haraji a kan kowane kilo 100 na kofra a cinikin farko, aka ci gaba da karɓa har 1982, aka tara kusan peso biliyan 9.7 a kuɗin ƙasar. An ce kuɗin na manoma ne, an kuma ba da rasit da za a mayar hannun jari, amma manoma da yawa ba su taɓa yin rajistar nasu ba. Da kuɗin aka sayi banki da masana'antun mai da hannun jari a kamfanin San Miguel, a ƙarƙashin jagorancin ɗan kasuwa Eduardo Cojuangco da wasu na kusa da gwamnati. Sai a 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wani babban kaso na wannan dukiya na gwamnati ne domin amfanin manoman kwakwa, a 2021 kuma Shugaba Rodrigo Duterte ya sa hannu a dokar da ta kafa asusun amana na kimanin peso biliyan 75.

Inda duk aka ɗora haraji a kan nauyi, mai saye yana da riba in ya rage abin da ya rubuta, don haka alƙaluman cinikin wancan zamani ba abin da za a jera su kai tsaye da na bayansa ba ne. Yanzu kuma da ake raba tallafi bisa rajistar manoma, mai ɗauke da mutum kimanin miliyan biyu da rabi, riba ta koma ga wanda ya ƙara yawan bishiyoyinsa a takarda. Haka nan a gonakin da ake noma bisa rabon amfani tsakanin mai ƙasa da mai aiki, adadin girbi magana ce ta kuɗi, ba a faɗa wa baƙo ita haka kawai.

Ramin da ake zuba ragowa

Mai lissafin wadata yana jera abin da aka girbe da abin da aka shigo da shi da abin da ya kwana a sito a gefe guda, a ɗaya gefen kuma abin da aka fitar, da na masana'antu, da na iri, da asara. Abin da ya rage shi ake kira abincin jama'a. Wato babu sikelin da ke auna kwakwar da ake ci a gidaje, ana samun adadinta ne bayan an cire sauran. Gaskiya ne mutanen Filifin suna cin kwakwa ainun, madararta da suke kira gata ita ce ginshiƙin girkin Bicol da na Musulmin kudu, ɗanyar kwakwa mai suna buko kuma ana sayar da ita a kowane lungu. Amma da yake wannan layi ragowa ce, duk kuskuren da aka yi a sama, na adadin juyawa ne ko na danshi ko na bishiyar da aka sare, nan yake gangarowa ya kwanta da sunan ci. Jadawalin zai daidaita tsaf, giɓin kuma yana nan, an dai sa masa wata riga.

Sababbin hanyoyin amfani sun ƙara dagula lissafin. Dokar 2006 ta wajabta gauraya man dizal da wanda aka sarrafa daga kwakwa, kashi 1 cikin ɗari a 2007, kashi 2 daga 2009, wanda daga baya ya kai ga cin kusan lita miliyan 200 a shekara. Ruwan kwakwa na kwali, da man da ake tatsa daga ɗanyen nama ba tare da an bi ta kofra ba, da sinadaran sabulu da na shafawa, duk suna cin ƙwallo, amma suna fita ƙarƙashin lambobin kwastan daban da na kofra da na mai. Ƙwallo ɗaya ma yana iya fita ta ƙofa uku, ruwansa a kwali, namansa a gari, ɓawon namansa a mai, don haka wanda ya mayar da kowanne zuwa ƙwallo zai ƙirga shi fiye da sau ɗaya. Wasu masu lissafin kuma shekararsu daga Oktoba take farawa, wasu daga Janairu.

Abin da ya rataya a kan lissafin

Hukuncin da na cimma shi ne giɓin ba rami ɗaya ba ne, kuma mafi yawansa a takarda aka haife shi. Idan alƙaluman gona da na tashar jiragen ruwa suka yi karo a kan yadda shekara ta kasance, na tashar da na ƙofar kamfani sun fi cancantar a gaskata su, domin an auna su, kuma wani ya biya kuɗi a kansu. Alƙaluman gona suna da amfani wajen nuna girman noman da rabonsa tsakanin yankuna, amma ba su da saurin jin sauyin shekara. Gyaran da ya fi araha shi ne a riƙa ɗaukar samfurin ƙwallaye a kowane yanki duk wata uku, a auna nauyinsu da naman cikinsu, a buga adadin juyawa na wannan yanki a wannan lokaci, maimakon a riƙe guda ɗaya ga ƙasa mai tsibirai fiye da dubu bakwai. Bayan haka a ware wa abin da ba a gano inda ya shiga ba layinsa na kansa a jadawali, a daina ɓoye shi a cikin abincin jama'a, a kuma riƙa sake lissafa shekarun baya duk lokacin da iyakar yanki ta canja.

Shawarwarin da gwamnati ke yankewa a yanzu a kan waɗannan alƙaluma suke tsaye. Shugaba Ferdinand Marcos ƙarami ya sa burin dasa bishiya miliyan 100 kafin ƙarshen 2028, kuma sanin inda za a fara dasawa yana buƙatar sanin inda tsofaffin bishiyoyi suka fi yawa da inda aka sare. A Oktoba 2024 an ɗaga gaurayen dizal zuwa kashi 3 cikin ɗari, da shirin kai shi kashi 4 a 2025 da kashi 5 a 2026, bisa lissafin cewa kwakwar ƙasar za ta wadatar. Amma farin 2023 zuwa 2024 ya bayyana a kan bishiyoyi a makare kamar yadda ya saba, kuɗin man kwakwa ya haura dala 2,500 kan tan a 2025, hukumomi kuma suka dakatar da ƙarin zuwa kashi 4, a daidai lokacin da jadawalin girbi na ƙasa ke nuna adadin da bai yi nisa da tan miliyan 14 da rabi ba.